KA MAYAR DA BABUR, AMMA BASHI NA NAN

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7

A ƙauyukanmu na Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Tsanyawa gona ta yi wa mutane kaɗan. Gonar uba ɗaya 'ya'ya suka rarraba, rabon kowa ba ya ci da gida. Shi ya sa samarinmu da yawa suka karɓi babur Boxer a hannun masu kuɗi, suna acaɓa, suna biya mako-mako. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ya yi tsada, fasinja ya ragu, wasu suka kasa biya har suka mayar da babur.

Mayar da babur ba zunubi ba ne. Gara ka miƙa makulli da hannunka da a zo a ƙwace a gaban matarka. Amma kada ka ruɗi kanka cewa magana ta ƙare. Babur ya tsufa a hannunka. In aka sayar, sau da yawa kuɗin ba ya kai abin da ya rage. Ragowar tana wuyanka. In ka gudu, tana wuyan wanda ya tsaya maka, wataƙila dattijon ikilisiya ne ko kawunka.

Dubi gwauruwar nan. Mijinta mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu da bashi, mai bin bashi kuma yana zuwa ya kwashi 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha bai la'anci mai bin bashi ba. Bai ce mata ta koma gida an shafe bashin ba. Ya tambaye ta abin da take da shi a ɗaka. Ɗan mai ne kawai a tulu. Ta aro tuluna wurin maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta yi ta zubawa har suka cika. Sa'an nan annabi ya umarce ta ta sayar da man, ta fara biyan bashi, abin da ya saura su ci ita da yaran. Ku lura da jerin: biya tukuna, ci daga baya.

Muna son addu'ar "Allah ya shafe bashi", ni ma ina yinta, Allahnmu kuwa mai iko ne. Haleluya! Sai dai a wannan nassi mu'ujizar ta ba matar abin biya ne. Wanda ya kashe waya ya tafi cirani Legas ba da sanin mai babur ba, yana cewa yana jiran mu'ujiza, ba bangaskiya yake yi ba. Mu kaɗan ne a wannan ƙasa, maƙwabtanmu sun san kowane ɗayanmu da suna. In ɗaya ya ci amana, ba za a ce wane ba, za a ce Kirista.

To, me kake da shi a ɗaka? Ka ɗauki fasto ko mai unguwa ku je tare. A rubuta abin da ka biya da abin da ya rage, shaidu su sa hannu. Ka faɗi abin da za ka iya: buhun gero da kaka, gyaɗa, wake, ko ɗan abin da ƙwadago ya kawo. Kada kunya ta sa ka jinginar da gonar gado don ka biya a rana ɗaya. Ka karanta Nehemiya 5 ka ga kukan waɗanda gonakinsu suka koma hannun wasu.

Kai kuma ɗan'uwa mai babur, in ya zo maka da gaskiya, ka sassauta masa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni ƙarfin zuciya in tafi wurin wanda yake bina a wannan mako. Ka albarkaci ɗan abin da ke hannuna har in biya. Cikin sunan Yesu, amin.