Harbin Barewa a Bakin Mashaya: Bajinta Ce Ko Cin Iri?

Duk wanda ya saba kallon finafinanmu na gargajiya ya san yadda ake fito da maharbi. Ga warki, ga layu reras a damtse, ga kwari da baka, yana tafe yana yi wa kansa kirari. Kyamara za ta nuna shi yana sanɗa cikin ciyawa, sai a yanke hoto, can sai ga shi ya dawo gari da nama a kafaɗa, yara na biye da shi. Amma akwai abin da daraktocinmu ba su damu su gaya mana ba: a wane wata aka yi harbin, kuma a ina ya tarar da dabbar? Mai karatu zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ni kuwa a ganina nan ne mutuncin sana'ar yake kwance.

Mu ɗauki ƙasar Yauri. Farauta takan kankama ne bayan an kawar da amfanin gona, hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe. A lokacin dabba na da ƙiba, akwai sauran ruwa a fadamu da ƙoramu, akwai duhuwar da za ta ɓuya. Wanda ya kamo gada ko mazo a wannan lokaci ya sha wuya kafin ya same shi. To, amma daga watan Maris zuwa Mayu labari ya sha bamban. Bazara ta kama, ƙoramu sun ƙafe, wutar daji ta lashe ciyawa, ruwan tafkin Kainji ya ja da baya ya bar ɗanyar ciyawa a gaɓa. Daga yankin Wara a Ngaski har zuwa ƙauyukan Shanga da ke bakin kogi, duk wani mai rai da ya rage a dawa dole ya gangaro ya sha. Maharbi ba ya bukatar bin sawu. Ya dai san mashaya, ya ɗaura cocila a goshi, ya ɗura bindigar toka, ya zauna da dare. Dabba ta zo, haske ya dallare mata ido, ta tsaya cak. Shi ke nan.

Abin tambaya a nan shi ne: wannan naman da wancan na hunturu ɗaya ne? A tukunya dai ɗaya ne. A wajen mutumin da ya harba fa?

Amsar farko da za a ba ka ita ce, ai halal ne. Gaskiya ne, babu mai ja. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san hukuncin: farauta don bukata ta halatta, wadda ake yi don wasa da nishaɗi kuwa makaruhi ce. Sai dai addinin da ya halatta farauta shi ne ya faɗa mana cewa za a tambayi mutum a kan ɗan tsuntsun da ya kashe ba da haƙƙi ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya taɓa umartar sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Ashe ke nan halaccin abu ba ya rufe ƙofar tambaya. Saki ma halal ne, amma ai mun san sunan da ake kiran mutumin da ya saki matarsa tana kwance ba lafiya.

Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mukan faɗi wannan karin magana don nuna cewa babu samu sai da wahala, amma akwai wata ma'ana a ƙarƙashi. Tsakanin maharbi da naman dawa akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba. Allah Ya ba barewa ƙafa da hanci da kunne, Ya ba ɗan Adam dabara da haƙuri. Kowa ya fito da abin da yake da shi, wanda ya yi sa'a ya tafi da rana. Ƙishirwar bazara kuwa ƙwace wa dabba makamanta take yi. Ta san akwai haɗari a mashaya, amma ba ta da zaɓi. Wanda ya harbe ta a nan ya ci zomo bai ci gudu ba.

Masu fim na wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A fim ɗin zane na Bambi da kamfanin Disney ya fitar a 1942, ba a tsakiyar wadata aka harbe uwar ɗan barewar ba. A ƙarshen sanyi ne, bayan doguwar yunwa, lokacin da suka fito fili cin ɗan sabon tsiro. Ba a ma nuna fuskar maharbin ba, amma har yau masu kallo ba su yafe masa ba. Kusa da gida kuma, a farkon shekarun 1950 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin farautar dorina a kan wannan kogi namu na Kwara, can sama a ƙasar Nijar, tare da 'yan'uwan Sarkawan da muke zaune da su a Yauri. Sun haɗa babban jirgi, sun ƙera zaguna, sun yi makonni a ruwa, a ƙarshe tsohon namijin dorinar ya farfasa musu jirgi ya tsere. Abin da ya sa fim ɗin ke da daɗin kallo shi ne dabbar na da damar yin nasara, kuma ta yi.

Amma tsaya, kada mu zama 'yan birnin da ke zaune gaban talabijin suna koya wa mutumin ƙauye tausayi. Maharbin na da hujjarsa, kuma mai ƙarfi ce. Bazarar da ta matsa wa barewa ita ce ta matsa masa. Rumbu ya yi ƙasa, kuɗin albasa sun ƙare, ga taki za a saya, ga yara. Sannan a tuna, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sama da mutum 40,000 aka tayar daga tsibirai da gaɓar kogi, cikinsu har da Gungawa masu yawa. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma aka yi gandun dajin ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000, aka hana farauta a ciki. Mutumin da ruwa ya cinye gonar kakansa, hukuma ta killace dajin da ke kusa da shi, in ka zo masa da zancen adalci ga barewa, zai iya tambayarka: ni wa ya yi mini adalci? Kuma zai ƙara da cewa ita dabbar, ko a guje aka harbe ta ko a tsaye, mutuwa dai ɗaya ce.

Na yarda, tausayi kaɗai ba zai ƙosar da mai jin yunwa ba. Shi ya sa hujjar da ta fi ƙarfi ba daga fim za ta fito ba, daga rumbun manomin za ta fito. Babu manomin kirki da ke cin irinsa. Komai tsananin yunwa, akwai damin da aka ware aka rataye, matar gida ta san ba a taɓa shi. A ƙarshen rani da yawa daga matan namun dawa na ɗauke da ciki ko suna shayarwa, zabin daji kuma na shirin saka ƙwai da faɗuwar damina. Harsashi ɗaya a wannan lokaci rai biyu yake ɗauka, wani lokaci har da na baɗi da na baɗin baɗaɗa. Tambayi dattawan maharba yaushe rabon da su ga garken gwanki ko kanki a wajen gandu. Ba aljanu suka kwashe su ba. Noma ya faɗaɗa, daji ya ragu, sannan mun ci iri.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda ta fi kowace wuya: in ban harba ba, wani zai harba. Wannan gaskiya ce tsagwaronta, kuma ita ke nuna cewa kamun kai na mutum ɗaya ba zai isa ba. Amma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A nan jihar Kebbi, a Argungu, an hana su a ruwan Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga. A Amurka, a jihohin gaɓar yamma irin su Oregon da Washinton, akwai wata barewa mai baƙar wutsiya da ake farauta. Maharbansu na son ƙarshen lokacin farauta, wajen watan Nuwamba, domin a sa'ilin mazan na bin mata, sun saki jiki. Wato su ma raunin dabba suke jira. Bambancin shi ne an ƙayyade kwanaki, sai da lasisi, an faɗi yawan da mutum zai kashe, galibi kuma maza ake harbi a bar mata. Mu ma muna da dokar namun daji tun 1963 a zamanin Jihar Arewa, sai dai takarda ba ta gadin mashaya. Wanda zai iya shi ne sarkin maharba da hakimi da limami, in suka haɗa baki suka ce daga wata kaza an rataye bindiga sai bayan kaka, kuma ba a harbin mace.

A ƙarshe, kada mu ɗora wa maharbi laifin duka. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai harbi don tukunyar gidansa daban, mai harbi don cika buhu da banda a kai kasuwa daban. Wannan na biyun mu ne iyayen gidansa, mu da ke tsayar da mota a bakin titi muna tayin naman dawa ba tare da tambayar komai ba. Marubuta da 'yan fim kuma, lokaci ya yi da za ku ba mu wani irin jarumi: maharbin da ya auna, ya ga cikin da ke jikin dabbar, ya sauke bindiga ya koma gida hannu rabbana, ya jure gorin abokai da kallon uwargida. Wannan fitowar ta fi kashe zaki wuya, domin babu mai yi wa mutum kirari a kanta.

Allah Ya ba mu ikon barin na gobe.