Bashin Cikin Waya: Wa Ya Tura Yaranmu Can?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Wata Talata bayan sallar Asuba, ban ma tashi daga wurin sallata ba, saƙo ya shigo mini ta WhatsApp daga lambar da ban sani ba. Ina buɗewa sai ga hoton wani matashi da ke sallah a bayana kusan kullum. An rubuta a ƙasa da Turanci cewa ɓarawo ne, ya gudu da kuɗin kamfani, kuma wai ni ne na tsaya masa. Wallahi ban taɓa tsaya masa a kan komai ba. Kafin hantsi kawunsa ya kira ni, surukinsa ya kira ni, har wani maƙwabcinsu Kirista, dattijon kirki, ya tako har ƙofar gidana yana tambaya: "Malam, me yaron nan ya yi?" Duk saƙo ɗaya aka tura mana.

Sati uku ban sake ganinsa a masallaci ba. Da na same shi, na nemi izininsa in ba da labarin ba tare da suna ba, ya yarda. Matarsa ce haihuwa ta zo mata da gardama, aka ce sai an yi aiki. Cikin dare ya sauke wata manhajar ba da rance, ya sa lambarsa ta BVN, ya ɗauki hoton fuskarsa, ya danna "na yarda" a duk inda aka ce ya danna. Kafin ya ajiye wayar, naira 30,000 ta shigo, da sharaɗin ya mayar da 39,000 cikin sati biyu. Ranar biya ta zo ba shi da su, ya ranto a manhaja ta biyu ya biya ta farko, ya ranto a ta uku ya biya ta biyu. Yana cikin ta biyar aka watsa hotonsa.

Ku yi lissafi da ni. Naira 9,000 a kan 30,000 cikin sati biyu. A shekara akwai sati biyu-biyu sau 26. Idan aka tafi a haka, ruwan kaɗai ya kai naira 234,000 a kan uwar kuɗi 30,000. Wace sana'a ce a kasuwar Zuru take kawo irin wannan riba, har mutum ya biya ya samu na cefane?

Kada wani ya ce Malam yana yaƙi da zamani. Ni ma da wayar nake rubuta muku wannan. Kuma ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace bayan Babban Bankin Najeriya ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000. Mutum ya kawo dawarsa daga Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji, ga mai saye, ga kaya, babu kuɗin da za a miƙa. A lokacin ne da yawa daga cikinmu muka buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint, mai shayi da mai nama suka manna lambar asusu a jikin teburinsu. Yau yaro yana aiki a Legas ko Fatakwal ya turo wa mahaifiyarsa kuɗin magani, ta karɓa a wurin mai POS na bakin titi kafin su gama waya. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin yake ƙerawa, sun sa intanet ya shiga hannun talaka. Wannan ni'ima ce, kuma wanda ya ƙi gode wa ni'ima ya yi butulci. Manhajar da ta tozarta ɗan'uwanmu ba ta cikin waɗannan da na lissafa, ba kuma zan faɗi sunanta ba, kada in yi mata talla.

Amma mu san girman abin da muke mu'amala da shi. A 2021 masu zuba jari, ƙarƙashin jagorancin SoftBank na Japan, sun sa wa OPay dala miliyan 400. A Oktoban 2024 Moniepoint ya tara dala miliyan 110, har da hannun Google a ciki, darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya. Waɗannan manyan ke nan, a bayansu akwai ɗaruruwan ƙananan kamfanonin fasaha da ke tasowa kullum. Babu wanda ya zuba kuɗinsa don sadaka, riba suke nema, kuma neman riba ba laifi ba ne a Musulunci. Tambayar da Musulmi zai yi wa kowace sabuwar manhaja guda ɗaya ce: daga ina ribarta take fitowa? Idan daga aikin da ta yi maka ne, kamar kai kuɗinka wani gari ko biya maka kuɗin wuta, to wannan lada ne na aiki, babin ijara ne. Idan kuwa daga kwanakin da kuɗinta suka yi a hannunka ne, ka ranci goma ka mayar da sha uku, wannan ita ce ribar da ƙarshen Suratul Baƙara ya yi shelar yaƙi a kanta. Canja mata suna zuwa "kuɗin hidima" bai canja mata hukunci ba.

Akwai tambaya biyu da kuke yawan turo mini, bari in amsa su a nan.

Ta farko, sayen waya bashi ana biya kaɗan-kaɗan. Asalin wannan ciniki halal ne a wurin jumhurun malamai, ko da kuɗin bashin ya fi na hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun a wurin ƙulla ciniki. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, kuma a zaman ta hana ɗora wa mai bashi ƙarin kuɗi saboda ya makara. Don haka kafin ka karɓi wayar ka tambayi abu biyu. Wa yake sayar mini: mai wayar ne da kansa, ko wani kamfani ne ya ranta mini kuɗin zan mayar masa da ƙari? Sannan in na makara, kuɗin zai ƙaru? Idan rance ne da ƙari, ko akwai tarar jinkiri, ka ajiye musu wayarsu.

Ta biyu, rancen katin waya, ka ranci na naira 100 a ba ka 85, in ka sa kati a cire 100. Malamanmu sun yi saɓani. Wasu sun ce sayar da hidima ce a kan farashin bashi, wasu sun ce rance ne da ya jawo amfani. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a bar shi sai da larura, don wanda ya nisanci shubuha ya tsare addininsa.

Yanzu mu koma kan abin da ya fi ci mini rai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu. Ka lura da hikimar. Kafin ka nemo marubuci, ka nemo shaidu, ka zauna gaban mai kuɗi ka buɗe baki, ka samu lokacin tunani. Wataƙila cikin shaidun wani ya ce maka, "Haba, a kan wannan za ka ci bashi? Zo in ba ka." Manhaja ta cire duk wannan. Ƙarfe biyun dare, kai kaɗai a ɗaki, babu mai ganinka, babu mai ce maka dakata. Shaidun da ba ka kira ba ranar karɓa, su ne ake kira ranar tozarci, don lokacin da ka danna "na yarda" ka ba su izinin kwashe duk lambobin da ke wayarka. Ba gona ka jinginar ba, ba babur ba. Mutuncinka ka jinginar, da na iyayenka.

Kuma bashi ba abin wasa ba ne. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa an kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, gawar wani mutum da ake bin sa dinari uku bai bar abin biya ba, ya ƙi yi masa sallah har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A Sahihu Muslim an nuna cewa ko shahidi ana yafe masa komai ban da bashi. A littafin dai aka ruwaito la'anta a kan mai cin riba da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta. To kai da kake tura wa abokanka lambar gayyata don manhajar rance ta ba ka ɗan lada, ka duba a wane sahu ka tsaya.

Wasu ma ba larura ce ta kai su ba. Sabuwar waya ta fito mai kyamara uku, tasa kuma lafiyarta ƙalau, amma abokai sun canja. A ƙasar nan ta Zuru, inda saurayi yake yin noman golmo shekara da shekaru a gonar surukai kafin a ba shi mata, yau jikansa ya kasa haƙurin wata huɗu ya tara kuɗin waya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Amma ɗan'uwanmu da na fara da labarinsa ba kwaɗayi ne ya kai shi ba, kuma a nan zan faɗi abin da ban so faɗa ba. Kwana biyu kafin ya sauke manhajar, ya tsaya bayan sallar Isha'i ya ce mini, "Malam, iyalina ba lafiya, abubuwa sun yi tsanani." Na ɗaga hannu na yi masa addu'a, na ce Allah ya kawo mafita, na shige gida. Ban tambaye shi nawa ake nema ba. A sahun da ya yi sallah a daren nan akwai aƙalla mutum biyar da 30,000 ba za ta girgiza su ba, kuma da na yi magana da sun bayar. Manhaja ta amsa masa cikin minti biyar, mu da muke kiran kanmu 'yan'uwansa muka sallame shi da "Allah ya rufa asiri". Ina neman gafarar Allah, shi ma na nemi tasa.

Saboda haka in mun hau mumbari mun ce riba haramun ce, gaskiya muka faɗa, amma rabin aikin muka yi. Wanda ya rufe wa mai ƙishirwa gurɓatacciyar rijiya, sai ya nuna masa inda zai sha. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma addinin da ya haramta riba shi ne ya kwaɗaitar da rance mai kyau, ya yi umarni a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, ya sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Kaka tana zuwa, za a fitar da zakkar dawa da masara da shinkafa. Mu nawa ne muka taɓa neman wanda bashi ya hana barci muka ba shi?

Ga abin da nake roƙo.

Wanda ya riga ya faɗa: ka tuba, kada ka ƙara ranto wani don biyan wani. Uwar kuɗin da ka karɓa haƙƙi ne a wuyanka, ka biya, ka nemi a sauke maka ƙarin iya ƙoƙarinka. Ka riga su gaya wa mahaifinka ko yayanka da bakinka, don da zarar na gida sun sani, barazanar ta rage ƙarfi. Ka kuma sani doka ba ta ba su wannan dama ba. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a Maris na 2022, ta kuma wajabta musu rajista. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan mutane, kuma a Yunin shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Shi ya sa wasunsu suke turo maka manhajar ta saƙo kai tsaye. Kada ka buɗe. In an yi maka barazana, ka adana saƙonnin ka kai ƙara.

Wanda irin wannan saƙo ya shigo wa a kan ɗan'uwansa: kada ka tura wa kowa, ko da sunan jaje. Yaɗa shi annamimanci ne. Ka kira shi ka ce, nawa ne?

Kwamitocin masallatai: a buɗe asusun rance babu ruwa, ko da na naira dubu ɗari ne. A rubuta, a sa shaidu biyu, a sa ranar biya, a rufa wa mai karɓa asiri. Mu a namu masallacin mun fara, kuma wanda ya fara sa kuɗi surukin yaron nan ne. Wanda kuma ya ranta ya mayar a kan lokaci, don taurin bashin mutum ɗaya yana rufe wa goma ƙofa.

Matasanmu masu ilimin kwamfuta, na Jami'ar Noma ta Tarayya da ke nan Zuru da sauran makarantu: iyayenmu mata sun daɗe suna adashi ba tare da ruwa ba. Bankin Jaiz tun 2012, da TAJ da Lotus a bayansa, sun nuna cewa ana iya harkar kuɗi babu riba a ƙasar nan. Me zai hana ɗayanku ya gina manhajar da za ta riƙe wa masu adashi lissafi da Hausa da C'lela, ko ta tsare wa asusun masallaci rubutunsa? Wanda ya yi wannan da kyakkyawar niyya, sana'a ya yi kuma ibada ya yi.

Ɗan'uwanmu ya dawo sahu. Matarsa ta samu lafiya, an raɗa wa jaririyar suna. Har yanzu in an idar da sallah shi ne farkon fita, bai cika son haɗa ido da mutane ba. Ku sa shi a addu'a.

Ya Allah ka wadatar da mu da halal ɗinka, ka tsare mu daga nauyin bashi da tozarcin mutane, ka biya wa duk wanda ake bi, ka sa mu zama masu tambayar "nawa ne" kafin a kai ga kunya.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.