Makin Tausayi

Wani malamin kwalejin ilimi ya tambaye ni: ɗalibinsa ya kawo firojet da ya kwafo daga intanet, har da kurakuran mai shi. Maraya ne, shekararsa ta ƙarshe. Ya halatta ya ba shi makin wucewa don tausayi?

'Yan uwa, maki shaida ce. Ranar da ka sa hannu, ka gaya wa al'umma cewa yaron nan ya iya. Gobe zai shiga aji da NCE ɗinsa ya koyar da 'ya'yan talakawa. Su kuma wa zai tausaya musu? Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya kira hakan algus.

Amma Malam, kai ma tsaya. Tun farkon zango babi nawa ka karanta masa? Na ce ya mayar masa da aikin, ya bi babi ɗaya da jan biro a gabansa, yaron ya sake rubutawa da kansa, ko da Turancin ya karkace.

Ya yi shiru, sannan ya ce ɗalibai arba'in ne a hannunsa bana.