A Fara Kwance Noti na Sama

Idan damina ta ja baya a Birnin Kebbi, wajen ƙarshen Oktoba, ƙasan motoci ne ke ba da labarin inda suka shiga. Hilux da tsofaffin Land Cruiser da suka yi watanni suna sauka ta Dukku, suna ratsa fadamar Rima da taki da iri da ma'aikatan gona, za ka gan su da busasshiyar laka har saman taya. Mai mota zai kai ta a wanke, a juye baƙin mai, a sauya matatar iska, ya biya ya tafi da zuciya wasai cewa ya yi wa motarsa sabis. Amma a motar da ƙafafunta huɗu ke ja, wadda muke kira mai fowil, akwai wasu mayuka uku da ba a taɓa ba: na aksil ɗin baya, na aksil ɗin gaba, da na tiransfa, wato ƙaramin akwatin da ke manne a bayan giyabos yana raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya.

Ba abin mamaki ba ne a manta da su. Baƙin mai yana da sandar awo da direba ke zarowa kowace safiya, yana kuma da jar fitila a gaban sitiyari. Waɗannan ukun ba su da sanda, a yawancin motocinmu kuma ba su da fitila. Sai ka kwanta a ƙasa ka shiga ƙarƙashin mota kafin ka san halin da suke ciki.

Aikin da suke yi kuwa ba ƙarami ba ne. Duk lokacin da mota ta sha kwana, tayar da ke waje tana cin tafiya fiye da ta ciki, don haka dole a sami abin da zai bar kowace ta juya da saurinta alhali ƙarfi yana isa gare su duka. Wannan shi ne aikin tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil. A cikinsa haƙoran ƙarfe suna cizon juna, kuma yadda aka ƙera su ba birgima kaɗai suke yi ba, har da goga, ƙarƙashin nauyin buhu ashirin ko talatin na shinkafa. Shi ya sa man da ake zuba musu ya fi na inji kauri, kuma ake haɗa shi da sinadaran sulfa da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Warin da ke bugun hanci idan an buɗe robar man giya daga nan yake. A jikin robar za ka ga GL-5, da lambobi irin 75W-90 ko 80W-90. Littattafan motoci da yawa na wannan aji suna sa wa'adin sauyawa a wajen kilomita 40,000.

Sai dai wa'adin littafi bai san fadama ba. A saman kowane aksil akwai ɗan hancin numfashi, domin iskar ciki ta fita idan ƙarfe ya yi zafi. To, motar da ta taso daga Argungu ko Jega a guje, aksil ya ɗau zafi, ta zo ta faɗa ruwa mai sanyi da ya kai gwiwa, nan take iskar ciki za ta takure, tulun ya shaƙi abin da ke kusa da hancinsa, ko ta gefen sil ɗin da ya fara gajiya. Abin da ke kusa kuwa ruwan kogi ne da yashinsa. Haƙoran su yi ta kaɗa ruwa da mai har su gauraye su koma launin shayi mai madara. Mota ba za ta tsaya ba. Za ta ci gaba da tafiya wata biyu, wata huɗu, boris yana tsatsa a hankali, sai wata rana a kan hanyar Sakkwato ka fara jin wani gunji daga baya, mai ƙaruwa idan ka taka totur. A lokacin magana ta wuce ta mai, ta koma ta sayen ƙarfe.

Aikin sauyawar kansa bai fi ƙarfin mai gida ba. Hilux tana da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinta ba tare da jak ba, wanda ya fi aminci, domin shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ganganci ne. A ɗan zaga gari da ita mai ya yi ɗumi ya saki jiki, a ajiye ta a wuri mai shafe, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu. A tanadi tsohuwar roba, tsumma, ɗan famfon hannu ko gora mai siririn tiyo, da sifana. A Toyota da yawa lamba 24 ce ke kama notin aksil ɗin baya da na tiransfa, na gaba kuma sai da alanki lamba 10. A duba littafin motar kafin sayen mai, domin akwai tiransfa da ke shan jan man giya mai sarrafa kanta, ba mai kauri ba, kuma akwai aksil ɗin baya da ke son mai na musamman.

Kowane tulu noti biyu gare shi. Na ƙasa na zubarwa, na sama, a gefe, na zubawa. Hannu da kansa na ƙasa yake nufa, tunda a zatonmu aiki daga zubar da tsohon mai yake farawa. Duk wanda ya daɗe a sana'ar zai riƙe maka hannu. Na sama ake fara kwancewa.

Dalilin a fili yake da zarar ka ji shi. Notin sama shi ne wanda ya fi cijewa: laka ta toshe shi, tsatsa ta kama shi, wani yaron gareji ya taɓa ɗaure shi da dogon bututu, ko kansa ya riga ya side. Idan ka gwada shi da farko ya ƙi, ba ka yi asarar komai ba. Tsohon mai yana nan ciki, ko da ya lalace, zai kai ka wurin makaniki da mota a kan ƙafafunta huɗu. Idan kuwa ka fara zubarwa sannan na sama ya ƙi, ga ka kwance a ƙofar gida da sabon mai lita uku a gefenka, da mota wadda ba ta isa ta motsa ba, domin aksil babu mai ba ya daɗewa kafin haƙoransa su ƙone. Sai ka aika a ɗauko makaniki a babur, ya leƙa ya ɗago ya ce, "Haba Alhaji, wa ka zubda mai bai ga ƙofar maida shi ba?" Kuɗin da ka so ka yi tsiminsa ya tafi, da ƙari.

Abin da nake lura da shi shi ne, mutumin da ya yi wannan kuskure bai yi kuskure a niyya ba. Man ya lalace da gaske, ya kamata ya fita da gaske, ya kuma sayi sabo mai kyau. Komai nasa daidai ne in ban da jeri. Kuma jerin nan kaɗai ya isa ya mai da gyara ɓarna.

Mun ga irin wannan da idonmu a kan abin da ya fi mota girma. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka yi biyayya, suka kwashi tsofaffin kuɗi suka kai banki. Ƙofar fita ta yi aiki sarai. Da aka zo ta shiga sai aka tarar a cije take: sababbin takardun ba su wadata ba. Wanda ya zauna a Kebbi a wancan lokaci ba ya buƙatar a ba shi labari. Mutum da kuɗinsa a asusu ya kwana a layin banki don dubu biyar, mai POS yana sayar maka da kuɗinka, manomi a kasuwar ƙauye ya karyar da buhunsa ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu, tunda shi ba ya da asusu, in ma yana da shi sabis ɗin waya ba ya kaiwa garinsu. Sai da gwamnatocin Kaduna da Zamfara da Kogi suka je Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Wato aka koma aka kwaso tsohon man daga roba aka mayar ciki, bayan ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe.

Ba a cika wata uku ba aka maimaita. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwarsa, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin kwanaki, ta haura 600 a Yuli, ta wuce 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Ni ba na cikin masu cewa tallafin lafiyayye ne. Mu da ke kusa da Kamba da sauran bakin iyaka mun san inda wani kaso na man nan yake bi da dare. Tallafin tamkar gurɓataccen mai ne, ya cancanci fita. Amma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai a Yulin 2024 aka sa masa hannu, fiye da shekara guda bayan an zubar, shi ma ma'aikaci kaɗai ya shafa. Noman rani a fadamar Rima kuwa, daga Augie zuwa Argungu zuwa Suru, kan ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur ya tsayu. A nan Birnin Kebbi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Nuwamban 2015, a Argungu aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017, duk a kan ƙarfin wannan ɗan injin. Da fetur ya ninka, wasu manoma suka rage faɗin gona, masu hali suka koma faranti mai aiki da hasken rana ko suka juya injinsu ya koma shan gas. Su suka nemo wa kansu ƙofar sama, da kuɗinsu, bayan an riga an kwance ta ƙasa.

Ba gwamnati kaɗai ba ce. Manomin da farashin kaka ya ruɗe shi ya sayar har da irin baɗi, da ma'aikacin da ya ajiye aiki bisa alkawarin baki na wani aikin, da magidancin da ya kware rufin ɗaki a watan Mayu kafin kwano ya iso gida, duk hannunsu na ƙasa ya fara kaiwa. Zubarwa tana da daɗi, domin nan take kake ganin sakamako, baƙin abu yana kwarara kana jin ka yi aiki. Gwada notin sama ba ya nuna komai. Ka kwance shi, ka ga ya kwantu, shi ke nan. Babu wanda zai yaba maka a kansa.

Akwai kuma masu fakewa da wannan magana su ƙi sauya komai har abada, su ce ai tsohon mai ya fi babu. Gaskiya ne ya fi babu, amma na tafiyar da za ta kai ka gareji ne, ba na wata daminar ba. Idan na sama ya cije, ba a haƙura ake yi ba. A kankare lakar, a fesa man sassauta tsatsa, a bar shi ya jiƙa, a ɗan bubbuga, a sake gwadawa da sifana mai kama kai sosai. In ya ƙi, a kai wa mai walda ya ɗana masa wani noti a kai. Wahalar nan duka ana shan ta ne mota tana tsaye da manta a ciki.

Idan na sama ya kwantu, sauran aikin minti kaɗan ne. A kwance na ƙasa a bar man ya tsiyaye sarai. A kan notin akwai maganaɗisu, a dube shi da kyau kafin a goge: baƙin gari mai laushi ba komai ba ne, cin yau da kullum ne, amma in ka ji ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi a yatsa, sabon mai ba zai warkar da wannan ba, a nemi makaniki. A sa sabon washa, a ɗaure daidai ƙarfin hannu, ban da bututu. Sai a tura sabon mai ta ramin sama har ya fara dawowa ta bakinsa, wannan shi ne awonsa, shi ya sa aka ce mota ta tsaya a wuri mai shafe. Aksil ɗin baya yakan sha lita 2 zuwa 3 da ɗoriya, na gaba ƙasa da haka, tiransfa wajen lita 1 ko ɗaya da rabi. Wanda ya san zai koma fadama ya sa wa hancin numfashin nan dogon tiyo, ya ɗaure bakinsa can sama a jikin shasi ko cikin ɗakin inji, inda ruwa ba ya kaiwa.

Tsohon man kuma kada a juye shi a kwata. Kwatocin garin nan fadama suke gangarawa, inda shinkafa take, inda masunta ke jefa homa, kuma daga kogin ne a Dukku ake jawo ruwan famfo. A zuba shi a jarka a rufe, kafintoci da masu rufin gida suna karɓa su shafa wa katako saboda gara.