Taku Ɗaya da Ya Bi Jim Stynes Har Faris

A shekarar 1984 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Jim Stynes ya bar birnin Dublin na ƙasar Ayalan ya sauka a Melbourne. Wata ƙungiyar ƙwallon birnin, wadda ita ma sunanta Melbourne, ita ce ta ɗauko shi don ta gwada ko wanda ya tashi da ƙwallon gargajiyar Ayalan zai iya irin ta Ostiraliya. Wannan wasa daban yake da tamaular da muka sani. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, 'yan wasa 18 ne a kowane ɓangare, ana cafewa da hannu a buga da ƙafa, wanda ya zura ta tsakanin dogayen sandunan tsakiya ya ci maki shida.

Da farko abin bai karɓe shi ba, har aka tura shi ƙaramar ƙungiyar Prahran ya ƙara gogewa. Sai a 1987 ya samu shiga sahun manya.

A shekarar ce Melbourne, wadda rabonta da wasannin neman kofi tun 1964, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta haɗu da Hawthorn a filin Waverley. Lokaci ya zo ƙarshe, Melbourne na gaba da maki huɗu, sai alƙalin wasa ya ba Gary Buckenara na Hawthorn bugun tazara daga nesa ƙwarai. Doka ta hana abokin hamayya ratsawa tsakanin mai bugu da wurin da aka yi laifin. Stynes, garin gudun tare wani, ya ratsa. Nan take aka matso da Buckenara gaba da mita 15, ya buga, ta shiga, Hawthorn ta yi nasara da maki biyu.

A ɗakin sauya kaya koci John Northey ya rufe shi da faɗa, wani mai hoto ya ɗauka, jaridu suka baza. Stynes da kansa ya ba da labarin cewa ya tafi Turai don ya huta da maganar, amma a jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Faris wani ya gane shi, ya tambaye shi ko shi ne wanda ya ratsa.

Da ya tattara kayansa ya koma gida, babu mai ganin laifinsa. Baƙo ne, wasan ba na iyayensa ba ne, uzuri kuwa ga shi nan birjik. Amma bai ɗora wa alƙali ba, bai fake da baƙunta ba. Ya karɓi kuskuren a matsayin nasa, ya koma atisaye. A ganina wannan ya fi duk lambobin da ya samu daga baya wuya, domin faɗuwa a gaban dubban mutane ba ta kai komawa gabansu ciwo ba.

Kakar da ta biyo baya Melbourne ta kai wasan ƙarshe, Hawthorn ta sake doke ta, wannan karon da maki 96. Bai karaya ba. A 1991 ya lashe lambar Brownlow, wadda ake ba gwarzon ɗan wasa mai tsabtar wasa. Daga 1987 zuwa 1998 ya buga wasa 244 a jere ba fashi, har da lokacin da ya karye a haƙarƙari a 1993.

A 1994 shi da Paul Currie suka kafa gidauniyar Reach domin matasan da suka rasa madafa. A 2008 bashi ya kusa durƙusar da Melbourne, ya karɓi shugabancinta, ya bi magoya baya da roƙo har aka biya. Yana cikin wannan aiki aka gano yana da ciwon daji a 2009. Ya rasu ranar 20 ga Maris, 2012, yana da shekara 45, gwamnatin jihar Victoria ta ɗauki nauyin jana'izarsa.