Wa Zai Tsare Ɓarawon?

A ƙauyuka, inda gona take jingine da gona, gadin dare tsohuwar al'ada ce. Da zarar kaka ta yi an zuba dammunan gero da dawa a rumbu, samari sukan raba dare a tsakaninsu, Musulmi da Kirista, da tocila da gora, ba wanda yake biyansu. Da 'yan bindiga suka soma kai hari Tsanyawa da Shanono a 2025, bukatar ta daɗa tsanani. Wanda ya bar tabarmarsa cikin sanyin hunturu domin maƙwabcinsa ya yi barci, ya yi aikin ƙauna.

Amma akwai tambayar da ba mu cika so ba: in an kama mutum da tsakar dare, hannun wa ya shiga?

A watan Maris na 2025, 'yan banga a Uromi ta Jihar Edo suka tare wata mota ɗauke da mafarauta masu komawa Kano daga Fatakwal domin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka yi ihu cewa masu satar mutane ne, taro ya kashe mutum 16. Mutanen yankin sun sha wahalar masu garkuwa, tsoronsu na gaskiya ne. Duk da haka masu tsaro ne suka tsayar da motar, kuma a gabansu jinin ya zuba.

Mu tuna da Kayinu a Farawa sura 4. Laifinsa ba shi da shakka, Allah da kansa ne shaida. Amma Allah ya sa masa alama domin kada wanda ya gamu da shi ya kashe shi. To, ina ga mu, da muke ganin fuskar mutum da hasken tocila kawai? Mai gadi yana da ikon ya tsayar, ya ɗaure in ya zama dole. Daga lokacin nan kuwa, ran wanda ya kama amana ce a wuyansa, daidai da rumbun da yake tsaro.

Wani zai ce, "Mun kai su ga hukuma, washegari mun gan su a kasuwa." Wannan kuka yana da tushe. Sai dai sau da yawa babu wanda ya bi maganar: an miƙa mutum, kowa ya koma gona, ba shaida, ba bayani a rubuce. Nan ne aikin sa-kai na biyu yake, wanda Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya take kira gare shi. Tushenta hukumar da Paparoma Bulus na Shida ya kafa ce a 1967. Aikin ba shi da armashi: raka mai ƙara da wanda ake zargi wurin 'yan sanda, tsayawa shaida, tunatar da jami'i cewa Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, ziyartar kurkuku, inda mafi yawan mazauna jiran shari'a suke yi.

Masu gora muna da su. Malaman makaranta, katekis, da matan zumunta waɗanda suka iya rubutu, su ne har yanzu ba su ba da sunayensu ba. In majalisar Ikilisiya za ta tsara gadin kakar bana tare da dagaci, a rubuta har da wanda za a tashe shi ya tsaya kusa da kamammen kafin gari ya waye.