Aikin da Roba ta Rufe

Idan an rufe aiki ba mai ganinsa, alhakinsa yana kan wa?

Ku dubi makirufon oba-oba da mai gadi yake maƙalawa a kafaɗa. A cikinsa akwai lasifika da makirufo da madannin magana, igiya kuma ta haɗa shi da rediyon. Sau da yawa in murya ta fara yankewa, rediyon lafiyarsa ƙalau. Siririyar waya ce ta tsinke cikin igiyar, wurin da take yawan lanƙwasa kusa da fulogi, roba kuwa ta ɓoye raunin.

Mai gyara yana iya gwada kowace waya da mita, ya yanke wurin da ya tsinke, ya liƙe da dalma. Yana kuma iya murɗa wayoyin da yatsa, ya naɗe da salatif, ya karɓi kuɗinsa. A shago, duka biyun za su yi magana.

Wani zai ce, "Ai an gwada a gaban mai kaya, ya kuma yarda." Amma wanda bai san abin da ke ciki ba, amana ya bayar. Daren da ɓarayi suka haura katanga, mai gadi ya danna yana neman taimako, murya ba ta fita ba, wannan murɗin ne ya bar shi shi kaɗai.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko tela ce ke, ko makaniki ne kai, akwai ran wani rataye a wurin da ka rufe. Kafin ka rufe, ka liƙe shi da kyau.